Kuɗin Gidauniya da Ƙofar Gidan Yari: Waiwaye Daga Zangon Daura

Gabatarwa

Tun daga ƙarshen shekarun 1980, kuɗi masu yawan gaske sun riƙa shigowa Nijeriya daga hannun gidauniyoyin agaji na ƙasashen waje da sunan gyara harkar shari'ar laifuka, watau abin da ya shafi kamu da tsarewa da gurfanarwa gaban alƙali da kuma ɗauri. An yi taruka, an buga rahotanni, an rubuta sababbin dokoki. Tambayar da muke son mu bi diddiginta a wannan maƙala ita ce, me waɗannan kuɗi suka sauya ga talakan da aka kama a wani ƙauye na ƙasar Zango aka wuce da shi gidan yarin Daura? Mun zaɓi Zango ne domin tana bakin iyakar Nijar, nesa da Abuja da Legas inda ake rattaba hannu a kan takardun tallafi, kuma Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Amma kafin mu auna aikin baƙi, ya kamata mu san abin da suka tarar.

Zamanin Sarakuna da En'e

Bayan da mutanen jihadi a ƙarƙashin Malam Isiyaku suka fitar da Sarkin Gwari Abdu daga birnin Daura wajen shekarar 1805, gidan sarautar ya yi ta yawo har ya zauna a Zango wajen 1825. Zango ta zama fada mai cin gashin kanta ta fuskar shari'a, da alƙalinta da dogaranta, ko da yake tana ƙarƙashin inuwar Damagaram. A 1906 Turawa suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi bisa gadon Daura, daga nan kuma shari'ar ƙasar ta koma ƙarƙashin En'e ɗaya.

A tsarin En'e, kotun alƙali da ta sarki da 'yan doka da gidan yari duk a hannu guda suke. Kalmar gidan yari ma daga sarautar Yari ta samo asali, watau bafaden da ke tsaron ɗaurarru. Wannan tsari yana da saurin yanke hukunci, domin mai kamu da mai shari'a da mai tsaro duk a gari ɗaya suke kwana. Amma aibinsa ya fito fili da siyasa ta zo, inda a shekarun 1950 aka riƙa amfani da kotunan alƙalai da gidajen yarin En'e a wurare da dama na Arewa wajen muzguna wa 'yan NEPU. Lauya kuwa ba ya da izinin tsayawa a waɗannan kotuna.

Gyara na farko mai girma gwamnatin Sardauna ce ta yi shi da kanta. A 1958 ta gayyato kwamitin masana a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Ingila da wasu dattawan Arewa uku. Daga shawararsu aka samu dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, aka kuma riƙa kai alƙalai Kongo a Zariya don koyon aiki da ita. Bayan juyin mulki, a tsakanin 1967 da 1970, sojoji suka karɓe kotuna daga hannun sarakuna, Gwamnatin Tarayya ta haɗe gidajen yarin En'e da nata a 1968, 'yan doka kuma suka narke cikin 'yan sandan Nijeriya.

Abin lura a nan shi ne, wannan sauyi ya raba aikin gida uku. Ɗan sanda na Tarayya ne, alƙali na jiha ne, gandiroba kuma na Tarayya ne. An rage zaluncin hannu guda, amma an haifar da wata sabuwar cuta, watau jinkiri, domin babu wanda ɗaurarre yake wuyansa shi kaɗai. Wannan cuta ita ce gidauniyoyi suka zo suka tarar.

Shigowar Gidauniyoyi

Gidauniyar Ford ta Amurka ta buɗe ofishinta a Legas tun 1960, kuma a shekarun farko hankalinta ya fi karkata ga ilimi da horar da ma'aikata. Sai a zamanin mulkin soja ne kuɗin agaji suka juya zuwa ga ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. A 1987 Olisa Agbakoba da Clement Nwankwo suka kafa ƙungiyar CLO a Legas, wadda a 1991 ta fitar da wani babban rahoto game da cunkoso da yunwa da cututtuka a gidajen yarin ƙasar nan. A 1994 Uju Agomoh ta kafa PRAWA don jin daɗin fursunoni, a 1998 kuma Innocent Chukwuma ya kafa CLEEN don sa ido a kan aikin 'yan sanda. A 1994 ɗin ne kuma Gidauniyar MacArthur ta buɗe ofishinta a Nijeriya.

Ba za mu raina aikin waɗannan ƙungiyoyi ba, domin su ne suka sa maganar masu jiran shari'a ta zama maganar ƙasa a lokacin da faɗin gaskiya yake jawo ɗauri. Sai dai kusan dukkansu a Kudu suka tsiro, da Turanci suke rubutu, kuma ofisoshinsu ba su wuce manyan birane ba. Mutumin Zango bai san da zamansu ba, su ma ba su san da nasa ba.

Shari'ar Amina Lawal

Jihar Katsina ta shiga idon duniya a watan Maris na 2002, sa'ad da kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa bisa tuhumar zina. Babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta na wannan shekara. Ƙungiyar WRAPA, wadda aka kafa a 1999, da BAOBAB ta Ayesha Imam, waɗanda dukkansu da tallafin masu agaji suke aiki, su ne suka tsaya mata, Aliyu Musa Yawuri ya jagoranci lauyoyin, Hauwa Ibrahim tana cikinsu. A ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta sallame ta da rinjayen alƙalai huɗu a kan ɗaya.

A nan akwai darasi babba ga mai son auna tasirin tallafi. A ƙasashen Turai an tara sa hannun mutane masu ɗimbin yawa, aka yi ta aiko da wasiƙun Allah wadai. A 2003 sai da BAOBAB da kanta ta fito ta roƙi a dakatar da wasiƙun, domin akwai kurakurai a cikinsu, kuma suna iya tunzura mutane su ƙara jefa Amina cikin haɗari. Abin da ya kuɓutar da ita daga cikin littattafan fiƙihun Malikiyya ya fito, watau haƙƙin janye iƙirari, da mas'alar kwantaccen ciki ga matar da aka saki, da kuma kuskuren zaman alƙali shi kaɗai alhali doka ta ce ya zauna da mataimaka. Kuɗin da suka biya lauyoyi da kuɗin mota da neman shawarar malamai sun yi amfani domin sun faɗa hannun waɗanda suka san ƙasar da shari'arta.

Daga Ceton Mutum Zuwa Sauya Doka

Daga tsakiyar shekarun 2000 gidauniyoyi suka fahimci cewa ceton mutum ɗaya ɗaya ba zai ƙare ba. Reshen shari'a na Gidauniyar Open Society ya haɗa kai da Hukumar Ba da Agajin Lauya, wadda gwamnati ta kafa tun 1976, da rundunar 'yan sanda, aka gwada ajiye matasan lauyoyi a caji ofis don su ga wanda aka kama tun kafin a kai shi kotu. Kaduna da Sakkwato suna cikin jihohin da aka fara gwajin. Dabarar ta yi kyau, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi cewa a sami ɗan sandan da yake lauya a kowace shiyyar 'yan sanda.

Babban abin da aka cim ma shi ne Dokar Tafiyar da Shari'ar Laifuka, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na 2015. Ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kamu saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta ba mace damar tsayawa beli, ta wajabta wa majistare ya riƙa ziyartar caji ofis kowane wata, ta kuma ƙayyade umarnin tsarewa na farko ga kwana 14 kafin a sake dubawa. Da yake yawancin laifuka na dokar jiha ne, sai da kowace jiha ta yi tata. Gidauniyar MacArthur, a cikin shirinta na yaƙi da cin hanci wanda ya ci fiye da dala miliyan 150 kafin a rufe shi a 2024, ta ware wani kaso ga Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa da CLEEN da wasunsu don su bi jihohi suna tura wannan doka. Kaduna ta yi tata a 2017, Kano a 2019, Katsina a 2021, kuma kafin a rufe shirin duk jihohi 36 sun yi. A gefe guda, Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a 2019 a kan dokar da ta sauya sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali, ta kuma buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin gayya wa al'umma. A watan Maris na 2023 ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon gina nasu gidajen.

Awo

Idan a kan takarda za mu auna, to, gidauniyoyi sun ci riba. Amma akwai wani ma'auni da ba ya ƙarya. A 2008 ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoton cewa kimanin kashi 65 cikin 100 na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba. A 2023, shekara takwas bayan sabuwar doka, mutanen da ke tsare sun kai kusan 80,000 a gine-ginen da ba su kai na mutum 50,000 ba, kuma masu jiran shari'a suna nan wajen kashi biyu cikin uku.

Dalilin bai ɓoyu ba ga wanda ya san yadda abin yake tafiya. Ana kama mutum a ƙauye bisa zargin fashi ko satar shanu, a kai shi gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron babban laifi, sai ya aika da shi gidan yari har a sami shawarar Ma'aikatar Shari'a. Fayil zai tashi daga hannun ɗan sanda mai bincike ya nufi Katsina. Idan an yi wa ɗan sandan canjin wurin aiki, ko shaidu sun gaji da kuɗin mota, ko motar kai fursunoni kotu ba ta da mai, sai a ɗage zama. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da taron bita a otal zai magance. Abubuwa ne na kasafin kuɗin gwamnati na kowace shekara, alhali tallafin gidauniya na shekara biyu ne ko uku, kuma ranar da ya ƙare, lauyan da aka ajiye a caji ofis yakan nemi wani aiki. Zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma irin namu agajin na gida. Mun saba ganin attajirai da ƙungiyoyin addini suna biyan tara da bashin ɗaurarru a watan azumi, kuma wannan yana da tushe, domin waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin mutane takwas da aka ambata a rabon zakka. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 da naira miliyan 585 da aka tara daga kamfanoni da masu hannu da shuni. Ga kowane ɗaya daga cikinsu da iyalinsa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai biyan tara yana fitar da wanda aka riga aka yanke wa hukunci ne, mai jiran shari'a kuwa ba shi da tarar da za a biya masa. Kuma muddin kotuna suna ɗaure talaka a kan tarar da ta fi ƙarfinsa, gurbin da aka bari zai sake cika kafin wani azumin.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya nuna mana shi ne, kuɗin agaji sun yi tasiri a wurare biyu: inda suka haɗu da ilimin 'yan ƙasa, kamar a shari'ar Amina Lawal, da inda suka haɗu da niyyar gwamnati, kamar a dokar 2015. Inda aka rasa waɗannan biyu, abin da ya rage shi ne rahoto a kan kanta. Gyaran 1960 ya zauna da gindinsa domin gwamnatin da ta nemi shawarar baƙi ita ce ta biya kuɗin horar da alƙalanta.

Saboda haka muna ganin ya kamata a sauya ma'aunin. Maimakon a ƙirga yawan tarukan da aka yi da mutanen da suka halarta, a tambayi ko majistare ya shiga caji ofis na Zango a watan jiya, ko an rubuta sunayen waɗanda ya tarar a ciki, da kuma kwana nawa fayil yake yi tsakanin Daura da Katsina. Waɗannan tambayoyi ba sa bukatar dala, doka ta riga ta ba da damar yin su, kuma hakimai da limamai da lauyoyin da ƙasar Daura ta haifa sun isa su riƙa yin su kowane wata. Attajiranmu kuma, idan sun ware na biyan tara, ya kyautu su ware na ɗaukar lauyan da zai bi fayil ɗin wanda ya shekara uku a tsare ba tare da an saurari shaida ko ɗaya a kansa ba.