Daga Alƙalami zuwa Mizani: Tarihin Kyautar Gidajen Caca a Las Vegas

A shekarar 1931, sa'ad da karayar arziki ta game ƙasar Amurka har magidanta suka riƙa bin layi don karɓar miya da burodi, majalisar jihar Nevada ta halatta caca a cikin iyakokinta, domin jiha ce ta hamada, noma kaɗan ne, ma'adinai sun ja baya, hukuma kuwa tana neman inda za ta sami kuɗin shiga ko ta halin ƙaƙa. A 1941 aka buɗe masaukin El Rancho Vegas a bakin hanyar da ta nufi Los Angeles, a ƙarshen 1946 kuma Flamingo ya biyo baya. Tun daga nan masu waɗannan gidaje suka fuskanci mas'alar da ta zama asalin al'adar da nake nufin bayyanawa, watau yadda za a yi mai dukiya ya baro garinsu, ya keta sahara, ya zauna gaban tebur, kuma ya daɗe a zaune. Jawabin da suka samu shi ne liyafa: a ba shi ɗaki, a ciyar da shi, a shayar da shi, ba tare da an karɓi ko anini ba, a bar teburin ya biya wa gida abin da ya kashe. Wannan kyauta ita suke kira kom a harshensu, kuma har yau sunan bai sake ba, ko da yake hanyar auna ta ta sake ƙwarai.

A zamanin farko ba wani ma'auni sai idon mai lura da tebura. Shi ne mutumin da ke tsayawa bayan masu rabon karta, cikin kwat da laktaye, ya san wane ne attajirin man fetur daga Texas, wane ne ɗan kasuwa daga Chicago, ya san wanda ke biyan bashi da wanda ke taurin bashi. In ya ga baƙo ya cancanta, sai ya zaro 'yar takarda ya sa hannu, nan take abincin dare ko kujerar kallon mawaƙa ta tabbata. Saboda haka ne ma'aikatan wancan lokaci suke cewa wane yana da ikon alƙalami, kuma babu muƙamin da ya fi wannan kwarjini a cikin gidan. Galibi manyan 'yan caca kaɗai ke samun wannan alfarma, har Benny Binion ya buɗe gidansa mai suna Horseshoe a titin Fremont a 1951, ya shimfiɗa darduma inda a dā ake barbaɗa garin katako, ya kuma ba da umurni a shayar da duk wanda ke wasa, babba da ƙarami, bisa ra'ayinsa cewa talaka in aka girmama shi zai dawo. A cikin shekarun 1960 abin ya haɓaka har gidaje irin su Dunes suka riƙa ɗaukar hayar jirgin sama cur, a kwaso 'yan caca daga Niyok, a sauke su kwana uku ko huɗu a kan kuɗin gida, da sharaɗin kowa ya ajiye wani adadi ya kuma zauna ya buga.

Wannan karamci na ido da sanayya ya dace da masu gidajen farko, waɗanda da yawansu suna da alaƙa da ƙungiyoyin 'yan ta'adda, ba su kuwa son littafin lissafi mai bayyana komai. Amma da attajiri Howard Hughes ya sayi gidan Desert Inn a 1967, jihar Nevada kuma ta gyara dokokinta a 1967 da 1969 don kamfanoni masu sayar da hannun jari su iya mallakar gidajen caca, sai akantoci suka shigo, akanta kuwa ba ya yarda da kyautar da ba a san dalilinta ba. Tambayarsu ita ce nawa wannan baƙo yake kawo wa gida, nawa kuma ya kamata a mayar masa. A nan ne hikimar sana'ar ta bayyana, domin ba su auna mutum da abin da ya ci ko aka cinye masa a daren ba, tun da wannan yana bin sa'a, yau naka gobe na wani. Sai suka auna shi da asarar da hisabi ya hukunta masa in ya dawwama a kan wasan, wadda suke kira tiyo, ma'ana asara ta ƙiyasi.

Ga yadda ake fitar da ita, kuma ya kamata mai karatu ya bi lissafin sannu a hankali, don a cikinsa sirrin yake. Rukunai huɗu ake haɗawa: matsakaicin abin da mutum ke zubawa a kowane bugu, da yawan bugu a cikin awa guda, da yawan awoyin da ya zauna, da rinjayen da ƙa'idar wasan ta ba gida. Ɗauki wasan rulet irin na Amurka, wanda faifansa ke da gurabe 38, alhali kuwa wanda ya dace da lambarsa ninki 35 kaɗai ake biyansa tare da mayar masa da abin da ya zuba. Wannan giɓi na gurbi biyu shi ne rinjayen gida, kashi 5.26 cikin 100. To, a ƙaddara mutum yana zuba dala 100 a kowane juyi, faifan yana juyawa sau 40 a awa, ya zauna awa 4: jimlar abin da ya ratsa ta hannunsa dala 16,000 ke nan, asararsa ta ƙiyasi kuwa wajen dala 842. Daga cikin wannan ne gida ke yanke masa rabo, wanda a bisa al'ada yakan faɗa tsakanin kashi 20 da kashi 40 cikin 100. In an ce kashi 30 ne, sai ya tashi da kyautar dala 250 da 'yan kai, ko ya ci riba a daren ko ya tafi aljihu wayam. Abokinsa da ya zauna teburin karta na blakjak da irin wannan kuɗi da irin waɗannan awoyi, ko da an raba masa hannu 60 a awa har jimlarsa ta kai dala 24,000, in gidan ya ƙiyasta rinjayensa a kashi 1 cikin 100, asararsa dala 240 ce, kyautarsa ba za ta wuce dala 72 ba. Haka kuma wasan bakara, inda rinjayen bai kai kashi ɗaya da rabi ba, sai mai zuba dukiya mai nauyi ne ke samun masaukin alfarma ta hanyarsa. A wasan jifan 'ya'yan ludo ma akwai wani nau'in zubi da gida ba shi da rinjaye a kansa ko kaɗan, gidaje da yawa kuwa ba sa shigar da shi cikin lissafi sam.

Sai dai fa rukunan nan huɗu ba duka ne tabbatattu ba, gama biyu daga cikinsu, watau matsakaicin zubi da tsawon zama, a dā ɗan Adam ne ke rubuta su da hannu, mutum ɗaya kuwa yana lura da tebura da dama a lokaci guda. Daga nan wata ƙaramar sana'a ta tsiro a cikin babbar: mutane suka koyi ɗaga zubi sa'ad da mai lura ya matso da takardarsa, su rage in ya juya baya, su zaɓi tebur mai cunkoso inda rabo ke tafiyar hawainiya, su yawaita tashi zuwa bayan gida. Wani tsohon ma'aikacin gidajen caca, Max Rubin, ya tattara irin waɗannan dabaru a littafinsa Comp City a 1994. Gidajen ba su yi barci ba. Lokacin da aka buɗe Wynn Las Vegas a 2005, ƙwandalolin wasansa masu daraja suna ɗauke da 'yar na'ura a ciki wadda ake iya karantawa ta iska.

Katin ɗan wasa kuwa, wanda ke ajiye rajistar wasan kowane mutum, daga wajen injinan caca ya fito, irin waɗanda ake kira kalokalo, bayan an buɗe gidan caca na farko a birnin Atlantic City a 1978, inda gasar jawo fasinjojin motocin safa ta yi tsanani. Inji ba ya kuskuren ƙirga, don haka kowane sisi yana shiga rajista. Kamfanin Harrah's ne ya kai wannan fanni matuƙa. Ya fito da tsarin Total Gold a 1997, a 1998 ya ɗauko Gary Loveman, malami a makarantar kasuwanci ta jami'ar Harvard, ya ba shi ragamar gudanarwa, a 2000 aka mai da tsarin Total Rewards, kati ɗaya yana aiki a dukan gidajen kamfanin. Da suka binciki rajistarsu sai suka tarar kashi 26 cikin 100 na masu zuwa su ke kawo kashi 82 na kuɗin, kuma akasarinsu ba hamshaƙai ba ne, tsofaffin malaman makaranta ne da ma'aikata da masu fansho waɗanda ke zuwa a kai a kai. Tun daga wannan lokaci mai lura da tebura ya koma mai shigar da lambobi a kwamfuta, alƙalamin ya fita daga hannunsa.

Ni dai abin da ke damuna a cikin wannan tarihi shi ne sunan da aka bar wa abin. Malaman fiƙihu sun ta'arifa hiba, watau kyauta, da cewa mallakarwa ce ba tare da musaya ba, wannan kuwa wani yanki ne na dukiyar mutum da aka riga aka lissafta za ta fita daga hannunsa, ake mayar masa a faranti yana godiya. Kuma ko an ajiye hukuncin maisir, watau caca, gefe, wanda Shari'a ta haramta haramci bayyananne, mizanin da kansa ya fi yi wa wanda ya kasa tashi nauyi, tun da tsawon zama rukuni ne a cikinsa. A shekarar 2007 wani attajiri ɗan jihar Nebraska, wanda ya gaji kamfanin sayar da kayan biki daga mahaifinsa ya kuma sayar da shi, ya yi asarar kimanin dala miliyan 127 a gidajen Caesars Palace da Rio na kamfanin Harrah's, abin da ya haura kashi 5 cikin 100 na dukan kuɗin cacar da Harrah's ya samu a Las Vegas a wannan shekara. An ba shi masauki mai ɗakuna uku, da dala 12,500 kowane wata don kuɗin jirgi, da damar ɗaukar kayan dala 500,000 a kantunan gidan, aka kuma ƙirƙiro wani sabon matsayi na kati domin shi kaɗai, saboda ya wuce duk matakan da tsarin ya tanada.