Ankwa da Sunan Awarwaro

A Tudun Wada na taso, inda muke zaurance don mu ɓoye wa manya magana. Sai a jami'a na gane cewa akwai waɗanda zaurance ne kaɗai katangarsu da gidan yari.

A Ingila, dokar 1885 ta haramta duk wata mu'amalar sha'awa tsakanin maza. Da ita aka ɗaure Oscar Wilde a 1895. Waɗanda dokar ke farauta suka riƙi Polari, gaurayen kalmomin Italiyanci da na 'yan wasan dandali da na matuƙan jiragen ruwa. Ɗan sanda sunan mace suka raɗa masa: Lily Law, ko Betty Bracelets, wato Betty mai awarwaro, alhali ankwa suke nufi. Kalma guda ta gargaɗi aboki ya gudu, ta kuma rage wa dodo kwarjini. A ganina, na biyun ya fi muhimmanci. Yaren ya dushe bayan sassauta dokar a 1967.

Mu ma muna da irinsa. Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da 'yan daudu a Kano a shekarun 1990, ya rubuta labarin yaren harka, inda na ciki yake “mai ido”, bare kuwa “makaho”.

A Afrilun 2017 aka gurfanar da mutum 53 a kotun majistare a Zariya bisa zargin halartar auren jinsi, suka musanta. Mako guda unguwarmu ba ta da wata hira. Mu makafi muka yi ta surutu. Masu ido, in akwai su a cikinmu, ko tari ba su yi ba.