Beli da Zubar da Jini: Waiwaye a Kan Tarihin Dokar Ingila

1.0 Gabatarwa

Kalmar "beli" tana daga cikin kalmomin shari'a da Hausa ta aro daga Ingilishi, kamar "kotu" da "lauya" da "sammaci". Bahaushe ya san lamuni da tsaya wa mutum tun kafin zuwan Turawa, amma ya karɓi baƙuwar kalmar domin ta zo da nata tsarin. Manufar wannan muƙala ita ce waiwayar tsarin a gidansa na asali, watau Ingila, domin a ga yadda ta'asar wanda aka saki bisa beli ta riƙa juya akalar doka.

2.0 Tushen Al'amarin

Dokar Westminster ta 1275, a zamanin Sarki Edward na Ɗaya, ta jera laifuffukan da ake ba da beli a kansu da waɗanda ba a bayarwa. Dokar 'yanci ta 1689 kuwa ta hana tsawwala kuɗin beli. Babbar tambaya a wancan zamani ita ce: shin wanda ake tuhuma zai dawo gaban alƙali? Dokar Beli ta 1976 ta mayar da beli haƙƙi, sai fa in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zaton mutum zai gudu, ko zai razana shaidu, ko zai aikata wani laifin. A ganina wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan rigimar, domin ya ɗora wa alƙali sanin gobe, alhali ba shi da allon duba.

3.0 Daga 1991 Zuwa 2009

A 1991, a garin Gloucester, wani mutum da ake tuhuma da fyaɗe, wanda kuma an sha ɗaure shi a baya, ya sami beli daga kotun majistare. Bai daɗe a waje ba ya yi wa wata matashiya fyaɗe, ya kashe ta. Ƙasa ta ɗauki zafi. Wani ɗan majalisa, Michael Stephen, ya gabatar da ƙudurin da ya zama dokar 1993, wadda ta ba masu gabatar da ƙara ikon ɗaukaka ƙara idan majistare ya ba da beli a kan babban laifi. Wannan gyara ne mai ma'ana, yana nan kuma har yau.

Gwamnati ba ta tsaya nan ba. A 1994, Michael Howard yana Sakataren Cikin Gida, sashe na 25 na sabuwar dokar manyan laifuffuka ya haramta beli ɗungurungum ga wanda ake tuhuma da kisan kai ko fyaɗe matuƙar an taɓa kama shi da irin laifin. Ke nan an ɗaure hannun alƙali, komai raunin hujjar da ke gabansa. Haramcin bai wuce shekara huɗu ba. A 1998 Majalisa ta sassauta shi, ta ce ana iya ba da beli a "yanayi na musamman", sannan a 2000 Kotun Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta tabbatar cewa tsohon sashen ya tauye haƙƙin wanda ake tsare da shi. Abin lura, wannan lafazi na "yanayi na musamman" shi ne kuma a sashe na 161 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Nijeriya ta 2015, game da laifin da hukuncinsa kisa ne. Masu fassara doka zuwa harsunanmu sun san irin santsin da ke cikinsa.

A watan Janairun 2008 aka sake komawa gidan jiya. Wani sufeton 'yan sanda da ake tuhuma da kashe matarsa, wanda ɗan'uwansa ya tsaya masa a kan fam 200,000, ya harbe surukarsa, sannan ya kashe kansa. Dokar 2009 ta ƙara sharaɗin cewa sai kotu ta gamsu babu wani babban haɗari ga lafiyar kowa, ta kuma ƙwace ikon belin mai tuhumar kisan kai daga hannun majistare, ta bar shi ga alƙalin babbar kotun laifuffuka kaɗai. Sai dai kuma wanda ya saki sufeton ba majistare ba ne. Alƙalin wannan babbar kotun ne da kansa.