Kwara Da Mutanen Shanga: Tarihin Zama Da Ruwa

Duk wanda zai yi maganar ambaliya a ƙasar Yawuri, wato Shanga da Ngaski da Yelwa, to dole ya fara da kogin Kwara, domin shi ne abincin mutanen wurin, shi ne kuma abin tsoronsu.

Tun zamanin kakanninmu Kwara sau biyu yake kawo ruwa a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, wanda damina ke haɗawa daga kogunan kusa, ya iso da laka daga watan Agusta zuwa Oktoba. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, sai cikin hunturu ya iso nan a tace. Gungawa mazauna tsibirai da Shangawa da Sarkawa masunta sun san lokacin kowanne kamar yunwar cikinsu. Sun san tudun da za su kafa rumbu, sun san ranar da za su sauka fadama su dasa albasa. Ruwa kan yi ɓarna, amma ba ya zuwa musu a baƙo.

A shekarar 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita kusan 135, ya shanye tsohon garin Busa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806, ya kuma haɗiye tsibirai da gonaki masu yawa. An tayar da mutane wajen 44,000, aka gina musu sababbin ƙauyuka na siminti a kan tudu. Ƙasa ta samu wutar lantarki, amma manomi ya rasa fadamarsa, ilimin da ya gada game da kogin kuma ya daina aiki yadda ya saba.

To, a nan ne matsalar ta samo tushe. Ƙasar tudu ba ta da albarkar fadama, don haka duk shekara idan tafki ya ja baya, sai mutane su bi shi suna shuka shinkafa da albasa, wasu har su kafa tunga. Idan damina ta yi ƙarfi, ruwan ya dawo inda ya bari. Haka aka gani a 2012, haka kuma a 2020, lokacin da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi ana dab da girbi. Ga kuma kututturan itatuwan da tafkin ya rufe, waɗanda ke fasa jiragen ruwa. Ba mu manta da watan Mayu na 2021 ba, sa'ad da jirgi mai ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a Ngaski, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Mukan ce ƙaddara ce, kuma lalle komai na Allah ne. Amma tarihin nan ya nuna mana cewa hannun ɗan'adam na ciki. An yi dokar kafa hukumar HYPPADEC tun 2010 don kula da al'ummomin da madatsu suka shafa, sai da aka shafe shekara goma kafin ta fara aiki. Ƙaramar hukuma kamar Shanga kuwa ba ta da kuɗin da za ta tare Kwara ita kaɗai.

Abin da ake bukata ba boyayye ba ne: gargaɗi da harshen da manomi ke ji, filin noma a tudu mai ruwan ban-ruwa, da rigar ruwa ga kowane fasinja. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wanda aka tayar daga gidansa don ƙasa ta samu haske, bai kamata a bar shi shi kaɗai da ruwa ba.