Daga Tukunyar Gida Zuwa Kasuwa: Tarihin Sana'ar Abin Sha na Hatsi a Ƙauyukan Hausawan Sudan

1.0 Gabatarwa

A gidan Bahaushe da wuya a rasa macen da ta iya jiƙa gero, ta niƙa, ta tace, ta dama. Aiki ne na cikin gida kamar shara da wanke-wanke, kuma yarinya a wajen uwarta take koyonsa. Yana tashi daga aikin gida ya koma sana'a ne ranar da wani na waje ya miƙo kuɗi aka zuba masa a ƙwarya. Wannan takarda za ta duba yadda wannan sauyi ya auku a wajen matan Hausawan da suka zauna a yankin Jazira da gaɓar kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Dalilin zaɓar wannan wuri shi ne, a can Hausawa sun tarar da wata daɗaɗɗiyar sana'ar mata ta haɗa abin sha a gida, wato dafa marisa, giyar dawa ta mutanen Sudan. Hatsin da ake yin marisa da shi, da tsiron, da tukunyar, duk su ne ake yin kunu da su. Matan Hausawa sun riƙe ɓangaren da ba ya bugarwa, kuma wannan zaɓi ya yi tasiri a kan abincinsu da mutuncinsu da ma kalmomin da suka bari a bakin maƙwabtansu.

2.0 Zuwan Hausawa Jazira da Shuɗin Nilu

Tun kafin zuwan Turawa, mahajjata daga ƙasar Hausa suna bin hanyar gabas a ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur, har su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ɗauki shekaru, domin mutum yana tsayawa ya yi noma ko ƙwadago ya tara guzuri sannan ya ƙara gaba. Babbar ƙaura kuwa ta zo ne bayan yaƙin Burmi na watan Yuli na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a, har wajen 1906 suka kafa garin Maiurno a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar.

Abu na biyu da ya jawo mutane shi ne auduga. A 1925 aka gama gina madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babbar gonar noman rani ta Jazira, wadda bayan an faɗaɗa ta zuwa Manaƙil ta kai kimanin fadan miliyan biyu. Gona irin wannan tana bukatar hannu da yawa, musamman lokacin tsinkar auduga daga watan Janairu zuwa wajen Afrilu. Mutanen Afirka ta Yamma, waɗanda 'yan ƙasa suke haɗa su duka su kira su Fallata ko Takarir, suka cike wannan gurbi. A shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi wasu manoma suka watsar da filayensu, baƙi da dama sun sami hawasha, wato filin da hukumar gonar take ba manomi. Amma dokar 1948 da ta fayyace wane ne ɗan Sudan ta sa sharaɗin a ce mutum ko kakanninsa suna ƙasar tun ƙarshen 1897. Wannan ya bar yawancin waɗanda suka zo bayan Burmi a waje. Ke nan maza da yawa sun ci gaba da zama 'yan ƙwadago a ƙananan ƙauyukan gefen gona da ake kira kambo, kuma kuɗinsu na shigowa ne lokaci-lokaci. Gidan da samun maigida yake bin damina da kaka, dole tukunyar uwargida ta taimaka.

3.0 Yadda Hatsi Yake Zama Abin Sha

Ɗalibi ba zai fahimci wannan tarihi ba sai ya san abin da yake faruwa a cikin tukunya. Ƙwayar gero ko dawa cike take da sitaci, wanda ba shi da zaƙi a baki. Idan aka jiƙa hatsi aka rufe shi na 'yan kwanaki har ya fara fitar da saiwa, aka shanya aka niƙa, an sami tsiro. Tsiro yana ɗauke da sinadarin da yake narkar da sitaci ya mai da shi sukari. Shi ya sa mai kunun zaƙi take dama wani kaso na ƙullu da tafasasshen ruwa, ta bari ya huce, ta haɗa da ɗanyen ƙullu mai tsiro, ta rufe ya kwana. Da safe sai ta tarar ya tsinke ya yi zaƙi.

Daga nan wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sukan shiga aiki. Kashi na farko su ne masu kawo tsami, irin waɗanda suke mai da madara nono, su ne kuma suke ba koko da gasara ɗanɗanonsu. Kashi na biyu shi ne yis, wanda yake cinye sukari ya fitar da kumfa da sinadarin maye. Idan aka sha kunu a ranarsa, tsami kawai aka samu. Idan aka bar shi a wuri mai ɗumi ya ƙara kwana, yis ya sami sarari, to ya kama hanyar zama giya. Ashe tazarar da ke tsakanin kunun zaƙi da burkutu, ko tsakanin abin shan buɗa-baki da marisa, tazara ce ta lokaci da niyyar mai tukunya.

Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Khartum, a littafinsa na 1993 kan abincin gargajiya na Sudan da ake tsimawa, ya nuna zurfin ilimin matan ƙasar a wannan fanni. Mai marisa takan bar ƙullin dawa ya yi tsami, ta gasa shi a kasko har ya yi duhu, ta haɗa da tsiron da suke kira zirri'a, ta ƙara da dafaffen ƙulli, sannan ta tace da ƙyalle. Da wannan tsiron dai ake yin hilu-mur, abin shan da kusan kowane gida a Sudan yake buɗa baki da shi a watan azumi, wanda ma'anar sunansa ita ce zaƙi da ɗaci. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa da mutanen Sudan suke bi, sun ɗora hukunci a kan maye: abin da mai yawansa yake bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Saboda haka tsami da tsimi halal ne muddin ba a kai ga wannan iyaka ba, kuma mace mai wannan sana'a ita ce mai gadin iyakar.

4.0 Daga Aikin Gida Zuwa Neman Kuɗi

Hausawa ba su je Sudan da jahilcin giya ba. A gida sun san giya da burkutu da fito, kuma Joseph Greenberg, wanda ya yi nazarin Maguzawan ƙasar Kano ya wallafa a 1946, ya nuna matsayin giya a bukukuwansu da tsafinsu. Sai dai waɗanda suka bi hanyar gabas mutane ne da suka bar gida don addini. C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 kan waɗannan ƙauyuka, ya bayyana yadda har jikokin da aka haifa a Jazira suke ɗaukar kansu matafiya ne masu niyyar Makka, suna zaune ƙarƙashin shehunansu. A irin wannan ƙauye, tukunyar giya za ta zubar da abin da baƙo ya fi tinƙaho da shi a gaban ɗan gari, wato sunansa na mai addini. Don haka sana'ar da ta bunƙasa ita ce ta fura da kunu da koko, tare da ƙosai da waina da soyayyar gyaɗa.

Abin da ya fi shahara daga cikinsu shi ne wanda mutanen Sudan suke kira godogodo. Ɗan'uwan fura da nono ne: gero ne da aka sarrafa da kayan yaji irin su citta, a dama da nonon da Larabawan Sudan suke kira rob, a sa sukari. Ga ɗan ƙwadagon da ya wuni a rana yana tsinkar auduga, ƙwarya ɗaya ta ishe shi abinci da ruwa gaba ɗaya, kuma ba ya bukatar wuta ko zama.

Abubuwa uku suka sa wannan sana'a ta dace da matar baƙo. Na farko, jarinta kaɗan ne: mudun gero, da itace, da nono, da sukari. Turmi da tukunya da ludayi dama akwai su a gida. Na biyu, kuɗin yana juyawa a rana ɗaya, a sayi hatsi da yamma, a sayar da safe, a fitar da uwa a ajiye riba. Na uku, ba ta bukatar mace ta fita. Polly Hill ta bayyana wannan tsari a Batagarawa ta ƙasar Katsina, inda ta nuna cewa akwai wata ɓoyayyar kasuwa da take ci daga gida zuwa gida ta hannun yara, kuma Enid Schildkrout ta nuna haka a birnin Kano. Wannan tsari ne Hausawa suka tafi da shi gabas: uwa tana ɗaka tana damu, 'yar talla tana kai wa bakin gona ko tasha ko ƙofar masallaci, tsofaffi da zawarawa kuwa su zauna a kasuwa da kansu. Ribar ta mace ce, ba ta miji ba. Da ita ake zubin adashi, wanda a Sudan ake ce wa sanduƙ, da ita ake tara kayan ɗakin 'ya mace, da ita kuma wata take cika burin da ya fito da kakanninta, ta ƙetare teku ta sauke farali.

Sana'ar tana da nata nauyi. Abin da aka dama da asuba, a zafin Jazira, ba ya kai gobe, don haka abin da ya yi kwantai asara ce, ko kuma a ba yara da almajirai. Bugu da ƙari, yarinyar da take ɗauke da ƙwaryar talla da safe ita ce wadda kujerarta take zama babu kowa a makaranta. Wannan tsada ce da ba ta fitowa a lissafin uwa da riba.

5.0 Tukunya Biyu a Gaban Hukuma

A zamanin mulkin Ingila da farkon mulkin kai, wanda Sudan ta samu a 1956, akwai gidajen shan marisa da ake kira indaya, mata ne suke riƙe da su, kuma a garuruwa hukuma tana ba su izini. A watan Satumba na 1983 Shugaba Ja'afar Numairi ya ayyana dokokin shari'a, aka tuttular da barasa a kogin Nilu a Khartum, aka haramta sana'ar baki ɗaya. Dokar laifuffuka ta 1991 ta tanadi bulala arba'in ga Musulmin da ya sha. Matan da suka ci gaba da dafa marisa da araƙi a ɓoye, waɗanda da yawansu yaƙi ne ya koro su daga Kudu da duwatsun Nuba, su suka riƙa cika kurkukun mata na Omdurman. Sai a watan Yuli na 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta sassauta dokar ga waɗanda ba Musulmi ba.

Mai godogodo ba ta shiga wannan tarko ba, domin kayanta halal ne a wajen malami da alƙali. Amma ita ma ba ta tsira daga hukuma gaba ɗaya ba. Bayan farin 1984 da 1985 mata masu sayar da shayi da abinci sun cika titunan birane, kuma dokokin kiyaye tarbiyyar jama'a na shekarun 1990 sun ba 'yan sanda damar kai samame su kwashe kujeru da tukwane. Wannan ne ya sa mata irin su Awadiya Mahmud Koko suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta masu shayi da abinci a Khartum, aikin da ya sa aka karrama ta a Amurka a 2016. An soke dokar a watan Nuwamba na 2019.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo daga baya. A watan Yuli da Oktoba na 2022 rikici kan ƙasa da sarauta ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu, a Rusairis da Wad al-Mahi, aka rasa ɗaruruwan rayuka, dubbai suka bar gidajensu. Yaƙin da ya fara a watan Afrilu na 2023 ya kai Wad Madani a watan Disamba na wannan shekara, kuma sojojin gwamnati ba su karɓe garin ba sai a Janairun 2025. Gona da hawasha ba sa bin mai gudun hijira, amma sana'ar da take cikin hannu tana bin sa duk inda ya sauka, muddin an sami mudun gero da tukunya.

6.0 Abin da Harshe ya Adana

Farfesa Al-Amin Abu-Manga, a littafinsa na 1999 kan Hausar Sudan, ya nuna yadda Larabci ya ratsa Hausar waɗannan al'ummu. Aron kalmomi galibi daga harshen masu gari yake gangarowa zuwa na baƙi. Fagen abinci yana daga cikin 'yan wuraren da ruwan ya gudana ta ɗaya ɓangaren. Balaraben Sudan da bai iya gaisuwa da Hausa ba ya san agashe, naman da asalin sunansa aikatau ne na Hausa, wato gasa, ya kuma san cewa godogodo na Hausawa ne.

Ya kamata ɗalibi ya lura da yawan aikatau da Hausa ta keɓe wa wannan aiki: surfe, da jiƙo, da niƙa, da tata, da kirɓi, da mulmule, da damu. Kowanne mataki ne dabam, kuma ba a musanya su. Ana kirɓa fura a turmi, ana dama ta a ƙwarya; ana jiƙa gero, ana tsima magani. Haka kuma a dubi bambancin mai fura da mahaukaci ko manomi ta fuskar ƙira: harshe bai gina wa wannan sana'a suna da ɗafa-goshin ma- ba, ya bar ta da mai, kamar yadda ake cewa mai koko da mai ƙosai, alamar cewa an fi danganta macen da kayan da take sayarwa.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi sawun abin sha na hatsi daga madafin matan Hausawa zuwa kasuwannin Jazira da Shuɗin Nilu. An ga cewa rashin tabbacin fili da na takardar zama ɗan ƙasa ne ya tura gidaje dogaro da tukunyar mata, kuma matsayin al'ummar na mahajjata ne ya zaɓa musu kunu da fura a kan marisa, duk da cewa ilimin haɗa su ɗaya ne. Littattafan tarihi sun fi ambaton Mai Wurno da shehunai da kamfanin auduga. Ɗalibin da ya sami zama da wata tsohuwa da ta yi wannan sana'a, ko a Sudan ko a cikin waɗanda suka dawo Kano da Maiduguri, ya tambaye ta sunan kowane mataki da kowane mazubi, ya rubuta yadda ta faɗa.