Kariyar tamburan kasuwanci na sauti, launi da siffa a Nijar

Tambarin kasuwanci shi ne alamar da mai saye ke gane hajar wani da ita. An fi sanin suna da zane, amma siffar kwalba, launi ko ɗan kiɗa su ma kan sa a ce "wannan na wane ne". Doka ta daɗe ba ta amince da irin waɗannan ba.

Amurka ce ta fara: a 1950 ta yi wa ƙararrawar gidan rediyon NBC rajista, a 1995 kuma Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Qualitex, cewa launi kaɗai na iya zama tambari. Tarayyar Turai sai a 2017 ta janye sharaɗin cewa dole tambari ya zanu a takarda.

Nijar ba ta rajista ita kaɗai. Tana cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashe 17 mai hedkwata a Yawunde, wadda Yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977 ta kafa a madadin ofishin da aka kafa da Yarjejeniyar Libarbil ta 1962. Rajista ɗaya tana aiki a duk ƙasashen har shekara 10, ana kuma sabunta ta. Ko bayan gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a 1999, abin da ido ke gani kawai ake karɓa, kamar siffar mazubi da tsarin launuka. Gyaran da aka yi a Bamako ranar 14 ga Disamba 2015 ne ya shigo da sauti da hoto mai motsi, sashen tambura kuwa bai fara aiki ba sai 1 ga Janairu 2022. Ƙamshi har yanzu yana waje, duk da cewa mai sayen kilishi hancinsa ke fara yi masa jagora.

A ƙasar Tasawa da Mayahi, a garuruwa irin su Maijirgi, tambarin sauti bai kai na gamayya amfani ba, wato wanda ƙungiyar masu sana'a ke mallaka tare. Yankin gidan jar akuyar Maraɗi ne, mai fata laushi da dillalai suka daɗe suna nema. A 2023 OAPI ta miƙa wa Nijar takardun tambarin gamayya na wannan fata da na cuku, da shaidar asalin wuri ta kilishi da albasar Galmi. Makiyayi ko majemi ba ya cin gajiyar tambarin fatar sai ya shiga ƙungiyar ya bi ƙa'idojinta.