Rashin Lafiya a Filin Bishara na Ƙasashen Waje

A yau ikkilisiyoyinmu suna aika masu bishara zuwa Nijar, Cadi, Kamaru, Gana, har ma da Turai da Amurka, wasu na makonni kaɗan, wasu na shekaru. Idan labari ya zo cewa wanda aka aika ya kwanta ciwo, sai tambayoyi su taso: Anya Allah ne ya kira shi? Ko akwai zunubi a ɓoye? Ko bangaskiyarsa ce ta gaza? Wannan koyarwa tana duba amsar Littafi Mai Tsarki, da abin da ya wajaba a kan ɗan mishan da ikkilisiyar da ta aike shi.

Shaidar Littafi Mai Tsarki

Misali mafi kusa shi ne Abafaroditas (Filibiyawa 2:25-30). Ikkilisiyar Filibi ta aike shi da gudummawa wurin Manzo Bulus yana kurkuku. Can ya kamu da ciwo har ya kusa mutuwa. Abin da ya fi damunsa shi ne labarin ya kai gida, 'yan'uwa sun shiga juyayi. Da ya warke, Bulus ya mayar da shi gida, ya kuma umarci ikkilisiya ta karɓe shi da murna, ta girmama shi, domin ya sa ransa cikin hatsari saboda aikin Almasihu. Babu kalmar zargi ko ɗaya.

Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya bar abokin aikinsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20). Shi kansa ya tuna wa Galatiyawa cewa rashin lafiya ne dalilin wa'azinsa na farko a wurinsu (Galatiyawa 4:13-14). Ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa (1 Timoti 5:23), Luka likita kuwa abokin tafiyarsa ne. Saboda haka ciwo ba hujja ba ce cewa Allah bai aiki mutum ba. Addu'a da magani kuma ba kishiyoyi ba ne.

Darasi daga tarihinmu

A watan Disamba 1893, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara cikin ƙasarmu. Zazzaɓin cizon sauro ya tsare Bingham a Legas. Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, dukansu a 1894. Bingham ya sake dawowa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi gida. Sai a 1902 aka kafa tashar farko ta SIM a Fategi, aikin da ya haifi ECWA a 1954.

A lokacin tafiyar farko ba a tabbatar da yadda ake kamuwa da wannan zazzaɓi ba. Sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro. Ilimin da su ba su samu ba, Allah ya ba mu. Wanda ya yi watsi da shi da sunan bangaskiya yana gwada Ubangiji ne.

Kafin a tashi

Rigakafi ya fi magani. Ga abubuwan da ya kamata a kammala:

1. Gwajin lafiya cikakke. Mai hawan jini, ciwon sukari, asma ko sikila ya faɗa wa hukumar mishan gaskiya. Ɓoye ciwo domin kada a hana mutum tafiya ƙarya ce, kuma abokan tafiya ne za su ɗauki nauyinta.
2. Allurar rigakafin shawara. Katinta yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 dokar lafiya ta duniya ta amince da shi har ƙarshen rai. A tambayi likita sauran alluran da ƙasar da za a je take bukata, kamar ta sanƙarau.
3. Magungunan da mutum ke sha kullum, isassu, a cikin kwalinsu, tare da takardar likita.
4. Inshorar lafiya ko kuɗin da aka ware. A Amurka da Turai kwanciyar asibiti ta kwana kaɗan tana iya cinye kuɗin tafiyar gaba ɗaya.
5. Sanin asibiti mafi kusa da filin aiki, da wanda zai yi tafinta.

Idan ciwo ya zo

A faɗa wa shugaban tafiya nan da nan. Jin kunya ko tsoron a ce mutum rago ne yakan sa a yi shiru har abu ya yi nisa.

Wanda ya bar Najeriya yana iya ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jininsa, ciwon ya bayyana bayan makonni a ƙasar da likitoci ba su saba ganinsa ba. Dole ya gaya wa likita inda ya fito, ya nemi gwajin jini. Haka nan wanda ya daɗe a ƙasar da babu wannan cuta, garkuwar jikinsa takan ragu, don haka ya kiyaye sosai in ya dawo gida.

Ga mai gudawa, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ya riƙa sha. In akwai jini a bayan gida, ko amai ya ƙi tsayawa, sai asibiti.

Akwai kuma ciwon da ido ba ya gani: kewar gida, rashin barci, da damuwa mai tsanani. Sa'ad da Annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, Allah ya fara ba shi abinci da barci kafin ya yi masa magana a kan aiki (1 Sarakuna 19). Mai irin wannan hali yana bukatar hutu, da wanda zai saurare shi, wani lokaci da likita.

'Yan'uwa su taru su yi wa majinyaci addu'a yadda Yakubu 5:14-15 ta koyar, su kuma kai shi asibiti. Kada a dakatar da maganin likita don an yi addu'a, kada kuma a tilasta wa marar lafiya azumi.

Hakkin ikkilisiyar da ta aika

Aikin ikkilisiya ba ya ƙarewa ranar da aka ɗibiya wa ɗan mishan hannu. Dattawa su keɓe wani kaso na baikon mishan domin jinya da kuɗin dawowar gaggawa. Su naɗa mutum ɗaya da zai riƙa karɓar labari yana sanar da iyali, domin jita-jita takan riga gaskiya isa gida. Kada a baza irin ciwon mutum a lokacin sanarwa ko a WhatsApp ba da izininsa ba. Zumuntar mata da ta maza su ziyarci iyalin da aka bari, su duba abinci da kuɗin makarantar yara.

Idan likita ya ce a dawo gida, a dawo. Wanda ya komo kafin lokaci yakan zo da nauyi a zuciya, yana ganin ya ɓata kuɗin da talakawa suka tara. A nan ne umarnin Bulus game da Abafaroditas ya shafe mu kai tsaye. A tarye shi da murna, a ba shi lokaci ya murmure, a bar shi ya ba da rahoton abin da Ubangiji ya yi, kome ƙanƙantarsa. In kuwa Ubangiji ya kira shi gida a can, gwauruwarsa da marayunsa amana ce a hannun ikkilisiyar da ta aike shi.